Yadda Ake Zaɓar Darussan Babbar Sakandare ga Yaranmu a Legas

A ƙarshen kowace shekarar karatu, bayan 'yan aji uku na ƙaramar sakandare sun rubuta jarrabawar BECE, wata takarda takan shigo gidajenmu a Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Obalende, a ninke cikin jakar yaro, kuma da wuya a ba ta minti biyar kafin a sa mata hannu. Abin da take tambaya shi ne ajin da ɗalibi zai shiga a babbar sakandare: na kimiyya, ko na adabi da zamantakewa wanda yara ke kira ajin at, ko na kasuwanci wanda suke kira kamashal. Wata rana bayan sallar isha'i ina zaune a bakin shagon wani maƙwabcina, sai ɗansa ya durƙusa ya miƙo masa irin wannan takarda. Alhaji ko karɓa bai yi ba, hankalinsa na kan kwanon awon wake, ya ce, "Rubuta kimiyya, ai likita za ka zama in Allah Ya yarda." Yaron ya ce, "To, Baba." Ni kuwa na san katin sakamakonsa, domin ni nake duba masa aikin gida. Shekara uku lissafinsa bai taɓa kai rabin maki ba, amma a Turanci da nazarin zamantakewa ba ya wuce na uku a ajinsu.

Burin Alhaji ba laifi ba ne, domin babu uban da zai ƙi ganin ɗansa sanye da farar riga a asibitin koyarwa na Idi-Araba. Kuskuren yana wurin da aka faro lissafin. Wannan zaɓi daga ƙarshe ake faro shi a dawo farko: a fara duba abin da jami'a ko kwaleji za ta nema nan da shekara uku, sannan a auna shi da abin da yaron ya riga ya nuna yana iyawa, daga nan a tabbatar makarantar da yake tana da malamai da kayan koyar da darussan da aka zaɓa.

Ƙofa biyu ce a gaban duk mai neman shiga babbar makaranta a Najeriya. Ta farko ita ce jarrabawar kammala sakandare, wadda hukumar WAEC mai babban ofishinta na ƙasa a Yaba take shiryawa, ko kuma takwararta NECO da aka kafa a 1999 mai hedikwata a Minna. Ɗalibi yakan yi rajistar darasi takwas ko tara, kuma sakamakon da ake kira kiredit shi ne daga A1 zuwa C6. Wanda ya sami D7 ko E8 ya haye amma bai sami kiredit ba, F9 kuwa faɗuwa ce. Kowa ya san jami'o'i suna neman kiredit biyar, sai dai mutane da yawa suna mance sauran maganar, wato dole biyar ɗin su kasance a darussan da suka shafi kwas ɗin da ake nema. Wanda ya tara A1 a darasi bakwai amma babu kimistiri a cikinsu, ba shi da hanyar shiga karatun likitanci. Wasu makarantu suna yarda a haɗa sakamakon zama biyu, amma Jami'ar Legas da ke Akoka ta saba neman biyar ɗin a zama guda, kuma haka yawancin tsangayoyin likitanci suke yi.

Ƙofa ta biyu ita ce jarrabawar JAMB, hukumar da aka kafa a 1978. A nan darasi huɗu kawai ake rubutawa a kan kwamfuta, jimillar makinsu 400. Turanci dole ne ga kowa, sauran ukun kuwa kwas ɗin da ake nema ne yake ƙayyade su. Hukumar tana da kundin da ta jera kowane kwas da sharuɗɗansa da kuma bambancin da ke tsakanin wannan jami'a da waccan, yana nan a shafinta na intanet kyauta, ana iya buɗe shi ko a waya. Yawancin iyali ba sa leƙa wannan kundi sai yaro yana aji uku, lokacin da za a sayi fam, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin farko ke nan: uba ko uwa ko yaya su zauna da ɗalibin tun cikin hutun da ke gaban shiga aji ɗaya, ya faɗi kwas uku da ransa ke so, a rubuta su a takarda, a ƙarƙashin kowanne a kwafo darussan da kundin ya ce ana nema a WAEC da kuma waɗanda ake nema a JAMB. Na ce uku ne domin yaro ɗan shekara 14 ko 15 yana iya sauya ra'ayi, kuma idan aka dubi ukun tare za a ga darussan da suka yi tarayya a kai.

Ga abin da za a tarar a mafi yawan lokuta. Likitanci da haɗa magunguna da aikin jinya duk suna neman fiziks da kimistiri da bayoloji, ba a yafe ko ɗaya. Aikin injiniya yana neman lissafi da fiziks da kimistiri. Kimiyyar kwamfuta a jami'a tana neman lissafi da fiziks, abin da kan ba yara mamaki, domin wasunsu suna zaton iya sarrafa waya ya wadatar. Karatun akanta da kasuwanci da harkar banki ƙashin bayansu lissafi ne da darasin tattalin arziki. Karatun lauya yana neman adabin Turanci a kusan kowace jami'a, tare da darussa irin su gwamnati ko tarihi ko ilimin addini, kuma wanda yake son ɓangaren shari'ar Musulunci a jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya ko Bayero ta Kano, sai ya riƙe Larabci ko ilimin addinin Musulunci. Adabin Turanci shi ne darasin da na fi ganin yara suna yarwa suna nadama. Sukan ce littattafan sun yi yawa, su sauya shi da wani mai sauƙi a aji ɗaya, sai an zo cike fam su ce lauya ko aikin jarida suke so, a tarar sun toshe hanyar da hannunsu.

Sai kuma a yi lissafin gurabe, domin ba su da yawa kamar yadda ake zato. A shekarar 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da sabuwar manhaja wadda ta rage yawan darussa. A tsarinta, kowane ɗalibin babbar sakandare zai ɗauki Turanci da lissafi, da darasin zama ɗan ƙasa da sanin abubuwan gado, da fasahar kwamfuta, da sana'a guda ɗaya. Biyar ke nan cikin takwas ko tara, saura uku ko huɗu. Ɗan ajin kimiyya da ya ɗauki fiziks da kimistiri da bayoloji, gurbi ɗaya ya rage masa idan darasi tara zai yi, kuma wannan gurbi shi ne ya fi cancanta a yi masa dogon tunani. Mai son injiniya ya sa lissafi mai zurfi ko zanen injiniya, domin wanda bai taɓa ganin lissafi mai zurfi ba yakan sha wuya a shekarar farko ta jami'a. Wanda bai tsai da shawara ba, a ganina tattalin arziki ya fi masa, idan jadawalin makaranta ya ba da dama, domin da shi ɗan kimiyya yana iya juyawa zuwa akanta ko kasuwanci a wasu jami'o'i ba tare da ya sake jarrabawa ba. Tun da sabon tsarin yana shiga makarantu ne sannu a hankali, daga 'yan aji ɗaya, kada a dogara da abin da yayan ɗalibi ya yi shekara huɗu da suka wuce. A nemi mataimakin shugaban makaranta mai kula da karatu ya ba da jerin darussan da makarantar za ta yi wa wannan rukuni rajista a rubuce.

Aiki na biyu shi ne auna yaron, kuma nan ne iyaye suka fi jin nauyi. A tattaro katin sakamako na zango tara da ya yi a ƙaramar sakandare a shimfiɗa su a jere. Ba matsayinsa a aji ake dubawa ba, makin kowane darasi ake bi daga zango zuwa zango, musamman lissafi da kimiyya ta farko da Turanci da nazarin kasuwanci. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Faɗuwa sau ɗaya ba ta nuna komai, wataƙila ya yi jinya ne ko an yi tafiya gida a wannan zangon, amma rauni iri ɗaya zango tara a jere magana ce da ba a kau da kai daga gare ta. Bayan haka sai a je makarantar a ga malamin lissafi ido da ido. Kada a tambaye shi ko yaron yana ƙoƙari, domin kowane malami zai ce yana ƙoƙari. A tambaye shi ko yaron yana iya warware lissafin da aka sauya masa fasali, ko kuwa sai irin wanda aka yi a allo kawai. Fiziks rabinsa lissafi ne, kimistiri ma yana da nasa, kuma wanda yake haddace matakai ba tare da ya gane dalilinsu ba yakan tsaya cak kafin ƙarshen aji ɗaya. Iyayen da ba su yi boko mai zurfi ba kada su ji kunyar zuwa. Su tafi da ƙani ko ɗan maƙwabci da ya gama jami'a ya taya su tambaya, matambayi ba ya ɓata.

Akwai wani tunani da ya yi kaka-gida a makarantu da gidaje, cewa ajin kimiyya na masu ƙwaƙwalwa ne, sauran azuzuwan kuma matattarar waɗanda suka rage. Wasu makarantu ma suna ƙara masa ƙarfi, suna kwashe masu manyan maki a BECE zuwa kimiyya ba tare da an tambaye su ba. Illar ta kasu biyu. Yaro mai baiwar magana da rubutu yakan ƙare da D7 a kimistiri, ya kwashe shekara biyu yana sake jarrabawa, alhali da ya fita da A1 a adabi. Yarinya mai kaifin lissafi kuma, musamman a gidajenmu, akan ce mata ta shiga wanda ba shi da wahala tun da aure za ta yi, alhali mu ne muke kuka idan matanmu suka je asibiti ba su sami likita mace ko ungozoma mai jin Hausa ba. Sai dai wanda ya bar kimiyya don gudun lissafi ya sani bai tsira ba. A watan Oktoba na 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar cewa kiredit a lissafi ba sharaɗi ba ne ga masu neman kwasa-kwasan adabi, amma ta fayyace cewa kowa zai ci gaba da rubuta jarrabawarsa, kuma yana nan a matsayin sharaɗi ga kimiyya da fasaha da kimiyyar zamantakewa. Ɗan kamashal da ba shi da kiredit a lissafi ba zai karanta akanta ba.

Aiki na uku shi ne auna makarantar kanta, kuma gani ya kori ji. A jarrabawar fiziks da kimistiri da bayoloji akwai takardar gwaji da hannu, inda za a ajiye wa ɗalibi kayan aiki a gabansa, ya ɗiga ruwan asid daga doguwar kwalba har launi ya sauya, ya karanta ma'auni, ya rubuta abin da ya gani. Na taɓa raka 'yar ƙanwata wata makarantar kuɗi da allonta na bakin titi ya yi alkawarin ɗakin gwaje-gwaje na zamani. Da na nemi a buɗe mini, sai da aka yi rabin sa'a ana neman mabuɗi, da aka buɗe kuwa sai ga kwalabe a cikin kwalayensu ba a ko yage ledar ba, ƙura ta rufe tebur, ga buhunan siminti a jingine a lungu. Malami ɗaya ne yake koyar da fiziks da kimistiri da lissafi mai zurfi. Saboda haka a nemi ganin ɗakin, a tambayi sau nawa ake shigarsa a zango, a tambayi wani ɗan aji uku a gefe ko gaskiya ne, a kuma nemi ganin sakamakon WAEC na bara darasi bayan darasi. Idan yaro ya dace da kimiyya amma makarantar ba ta dace ba, makarantar ake sauyawa tun kafin a fara.

Akwai batun da ya keɓanta da mu mazauna Legas, wato batun harshe. A shekarar 2018 Gwamna Akinwunmi Ambode ya sa hannu a dokar kare harshen Yarabanci da bunƙasa shi, wadda ta wajabta koyar da shi a makarantun jihar, ta kuma ambaci kiredit a cikinsa cikin sharuɗɗan shiga manyan makarantu mallakar jihar. Duk wanda yake da niyyar neman Jami'ar Jihar Legas da ke Ojo, ko ta kimiyya da fasaha da ke Ikorodu, ko ta ilimi da ke Ijanikin, sai ya karanta sanarwar ɗaukar ɗalibai ta shekarar ya ga abin da ta ce a kan kwas ɗinsa. Da yawa cikin yaranmu da aka haifa a Agege suna jin Yarabanci kamar 'yan gida, kuma ban ga dalilin da zai sa su guje shi ba idan suna samun maki a cikinsa.

Hausa kuwa darasi ne a WAEC da NECO da JAMB duka, amma a nan ne ake yawan yin ganganci. Yaro yakan yi rajistarta a aji uku ba tare da malami ba, yana cewa ai yarena ne. Jarrabawar ba hira ba ce. Akwai nahawu da ƙa'idojin rubutu da fassara da al'adu da littattafan adabi da aka ƙayyade, kuma yaron da ya tashi a Legas, wanda bai taɓa rubuta ƙ da ɗ da ɓ ba, bai san inda ake raba kalma da inda ake haɗewa ba, yana iya faɗuwa a harshen da yake mafarki da shi. Idan ana son ta, a nemo malami da littattafan tun daga aji ɗaya. Haka ilimin addinin Musulunci da Larabci: ɗalibin Islamiyya yana da jari mai kyau a cikinsu, sai dai da Turanci ake amsa tambayoyin ilimin addinin, kuma ba kowace makaranta ce take da malaminsa ba, don haka a tambaya tun da wuri.

Darasin sana'a shi ne wanda aka fi zaɓa da wasa, a bi abin da aboki ya bi. Sabuwar manhaja ta taƙaita sana'o'in zuwa shida: girka sola da gyaranta, ɗinki, kiwon dabbobi, kwalliya, gyaran kwamfuta da waya, da noman lambu. Wanda mahaifinsa yake harkar shanu a mayankar Oko-Oba ya riga ya san rabin darasin kiwo, wanda kuma yake zuwa shagon yayansa a kasuwar kwamfuta ta Ikeja ranar Asabar yana da wurin gwada abin da aka koya masa. Idan kuwa hannun yaro ya fi bakinsa da alƙalaminsa, kada a ɗauki kwalejin koyon sana'a a matsayin ci baya. Jihar Legas tana da irinsu a Agidingbi da Ikotun da Ikorodu da Ado-Soba da Epe, ɗalibansu suna rubuta jarrabawar NABTEB, wato ta kammala makarantun sana'a da kasuwanci, kuma da ita ana iya neman Kwalejin Fasaha ta Yaba, wadda take nan tun 1947.

Idan an zaɓa aka ga an yi kuskure, zangon farko ko na biyu na aji ɗaya ne lokacin gyara. Bayan nan abin yana tsada, domin manhajar kowane darasi ta shekara uku ce, kuma makaranta tana tura wa hukumar jarrabawa makin gwaje-gwajen aji na kowane darasin da ɗalibi zai rubuta. Komawa daga kimiyya zuwa at ko kamashal ya fi sauƙi a kan akasin haka, amma wannan ba hujja ba ce ta a jefa kowane yaro kimiyya a ce in ya kasa ya sauya, domin shekarar da ya ɓata tana tafiya da ƙwarin guiwarsa. Iyalan da ke da niyyar mai da yaro Kano ko Katsina ko Sakkwato ya ƙarasa sakandare a wajen dangi, su tambayi makarantar can tun yanzu ko tana koyar da darussan da ya ɗauka a nan, kada ya isa aji biyu a ce masa babu malamin zanen injiniya.

Kwana uku bayan wannan dare na koma wajen maƙwabcina da katunan sakamakon ɗansa da takarda guda mai layi uku: likitanci, lauya, aikin jarida, kowanne da darussansa a ƙasa. Na ce, "Alhaji, a gafarce ni, ga abin da kowace hanya take nema, ga kuma abin da yaron nan ya kawo shekara uku." Ya sa tabarau ya daɗe yana bin lambobin da yatsa, sannan ya kira yaron ya ce, "Kai, tsakaninka da Allah, wanne kake so?" Yaron ya dubi ƙasa ya ce, "Baba, lauya." Alhaji ya yi shiru, ya ce zai yi shawara da mahaifiyar yaron da kawunsa da ke Zariya. Ranar Litinin shi da kansa ya rufe shago ya tafi makarantar, kuma tambayar farko da ya yi wa mataimakin shugaba ita ce ko suna da malamin adabin Turanci na dindindin.